Yadda na'urar dangwale ke gane wanda ya zo, wanda ya makara da wanda ya yi fashi: jagora mataki-mataki

Tun da na fara saka wa makarantu, gidajen mai da ƙananan kamfanoni na'urar dangwale, wato wadda ma'aikata ke ɗora wa yatsa in sun zo aiki da in za su tashi, a nan Katsina, ƙarshen wata ba ya wucewa ba tare da wayata ta dame ni ba. Ƙorafin kusan iri ɗaya ne: "Malam, na'urar nan ta rikice. Mutum ya wuni a wurin aiki, ta rubuta masa fashi." In na je na duba, sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau. Abu biyu take riƙewa: lambar ma'aikaci da lokacin da ya ɗora yatsa. Maganar ya zo, ya makara ko ya yi fashi, manhajar da ke kwamfuta ce ke yanke ta, bisa ƙa'idar da ka shigar mata. In ba ka shigar ba, ta yi aiki da wadda ta zo da ita daga masana'anta, wadda ba ta san Juma'a ba balle azumi.

Ga yadda nake bi, a jere. Zan yi misali da na'urorin ZKTeco da manhajarsu ZKTime domin su na fi cin karo da su, amma tsarin kusan ɗaya ne a sauran. Ka bi jerin yadda yake, domin mataki na tara ba ya gyara ɓarnar da aka yi a na uku.

1. Kayan da za ka tanada

Na'urar kanta, kwamfuta mai Windows, filash ɗaya wanda ba a amfani da shi a wani aiki, da abin riƙe wuta: ko na'ura mai batir a ciki irin K40, ko ka jona ta da inbata. In ofishin akanta yana kusa da ƙofa, ja wayar netwok ka huta da yawon filash.

Farashi yana bin dala, don haka kada ka riƙe na bara. Ka tambayi wuri biyu ko uku, nan gari da Kano, kuma ka sa a rarraba maka kuɗin: na na'ura, na kafawa, na waya da bututunta, na koyar da wanda zai riƙe aikin. Ka tambaya ko manhajar kyauta take zuwa ko tana da lasisin da ake sabuntawa, da yawan yatsun da na'urar ke ɗauka. In kana da ma'aikata 60 kuma kowa zai yi rajistar yatsu uku, gurbi 180 kake buƙata, ba 60 ba.

Gargaɗi: kada a kafa ta inda rana ke dukan gilashin. Hasken rana yana hana ta karanta yatsa. A samu inuwa, daidai ƙirjin mutum, inda manaja ko maigadi ke iya hango ta.

2. Rubuta ƙa'idar a takarda kafin ka taɓa kwamfuta

Wannan shi ne matakin da masu wuri suka fi ƙin zama a kansa, kuma shi ne ke haifar da rigimar ƙarshen wata. Ka zaunar da mai wuri da manaja da akanta, a amsa waɗannan da biro: ƙarfe nawa ake shiga, ƙarfe nawa ake tashi? Minti nawa ake ɗaga wa mutum ƙafa kafin a ce ya makara? Makarar minti nawa ce ke zama fashi? Wanda ya dangwala shiga ya manta fita, me ake rubuta masa? Daga minti nawa bayan tashi obataim ke farawa, kuma wa ke ba da izininsa? Yaya Juma'a take, yaya azumi yake?

A karanta wa ma'aikata takardar da Hausa, a liƙa kwafi kusa da na'urar. Wanda za a yi wa hisabi da ƙa'ida yana da haƙƙin ya san ta tun kafin ta hau kansa.

3. Daidaita agogo

Agogon na'ura da na kwamfuta su zama ɗaya, su bi lokacin Najeriya, wato awa ɗaya gaba da agogon GMT. Mu ba ma matsar da agogo da rani ko hunturu kamar Ingila da Amurka, don haka in ka ga wurin da ake kunna wannan sauyin, ka kashe shi. Ka yi aiki da lissafin awa 24: ƙarfe 4:00 na yamma shi ne 16:00. Na sha ganin an rubuta 04:00 a matsayin lokacin tashi, manhaja ta ɗauka aikin kwana ake yi.

Gargaɗi: a cikin na'urar akwai ɗan ƙaramin batir mai riƙe agogo. In ya mutu aka ɗauke wuta, kwanan wata yakan koma baya. Na taɓa samun wadda ta koma shekarar 2000. Ma'aikata za su ci gaba da dangwalawa, na'ura tana cewa ta gode, amma duk bayanan suna faɗawa wata shekara daban, rahoton wata ya fito da kowa a fashi. Ka ɗora wa mutum ɗaya duba agogon kowace safiya, ya gwada da na wayarsa. Minti uku da agogo ya yi gaba sun isa su mayar da mai zuwa a kan lokaci makararre.

4. Mutum ɗaya, lamba ɗaya

Manhaja ba da suna take haɗa bayani ba, da lamba ne. A wuri ɗaya za ka samu Abubakar huɗu da A'isha uku, lamba ce ke raba su. Lambar da ke na'ura dole ta zama ita ce a manhaja, ita ce kuma a takardar albashi. In kana da reshe a Katsina da wani a Daura, ka raba musu zango: na Katsina daga 1001, na Daura daga 2001. In kowanne ya fara daga 1, ranar da ka haɗa bayanan za ka ga mutum ya shiga aiki a Ƙofar Ƙaura ya tashi a Daura.

Kafin kowa, ka yi wa mai kula da na'urar rajista a matsayin admin. Muddin ba a yi haka ba, duk wanda ya danna maɓallin saiti zai shiga, ya canza agogo ko ya goge abin da ya ga dama.

Wajen ɗaukar yatsa, na'urar za ta nemi a ɗora shi sau uku. A ɗauki aƙalla yatsu biyu, ɗaya daga kowane hannu, a kwantar da cikin yatsan sosai, ba kansa ba. Da hunturu fata kan bushe ta tsage. Mutum ya hura wa yatsan iska daga baki ko ya goga shi a goshi, yawanci sai ta karɓa. Wanda ya fito daga alwala ya goge hannu tukuna. Mata masu sabon lalle, musamman baƙi, da masu aikin bulo ko wanke-wanke da zanen yatsunsu ya suɗe, a ba su kati ko lambar sirri tun farko, kada a bar su suna fama a layi har lokaci ya wuce.

Gargaɗi: kada ka ba sabon ma'aikaci lambar wanda ya bar aiki. Tsohon tarihin zai manne masa, har da hutun da wancan ya ci. Sannan ka sani zanen yatsa yana cikin bayanan da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba kariya ta musamman. Ka gaya wa ma'aikata abin da kake ɗauka da dalilinsa, ka samu amincewarsu a rubuce.

5. Jadawalin lokaci da ƙofofinsa

Nan ne zuciyar aikin, zan ɗan daɗe.

Jadawali ɗaya yana da lokacin shiga da lokacin tashi, misali 8:00 zuwa 16:00. Wannan kowa yana cikewa daidai. Abin da ake tsallakewa shi ne gurabe huɗu da ke ƙarƙashinsu: lokacin da ake fara karɓar dangwalen shiga, lokacin da ake daina karɓarsa, lokacin da ake fara karɓar na fita, da lokacin da ake dainawa. Ni nakan kira su ƙofar shiga da ƙofar fita. Kowacce tana da lokacin buɗewa da na rufewa, irin ƙofofin ganuwa a da. Duk dangwalen da ya faɗo a wajen ƙofofin nan biyu, yana nan ajiye a cikin bayanai, amma manhaja ba za ta ƙirga shi a shiga ko fita ba.

Ga yadda nakan cike wa aikin 8:00 zuwa 16:00. Ƙofar shiga ta buɗe 6:30, ta rufe 10:00. Ƙofar fita ta buɗe 14:00, ta rufe 20:00. Ɗaga ƙafar makara minti 10, na tashi da wuri minti 5. Ranar aiki guda minti 480.

Me ya sa 6:30? Domin akwai masu shara da masu zuwa daga Batagarawa ko Rimi da motar farko, suna isowa tun kafin bakwai. In ka buɗe ƙofar 7:30, wanda ya fi kowa sammako shi zai fito ba shi da shiga. Me ya sa 20:00? Domin kashiya ba ta tashi sai ta gama lissafi. Ka tsaya bakin ƙofa kwana biyu ka ga ainihin lokacin da mutanenka ke zuwa da tafiya, sannan ka cike guraben.

Gargaɗi na farko: kada ƙofofin biyu su hau juna. In shiga tana rufewa 13:00 amma fita ta buɗe 12:00, dangwalen 12:30 zai iya zama ko wanne, kuma ba lallai manhajar ta zaɓi wanda kake nufi ba.

Gargaɗi na biyu: ɗaga ƙafa iri biyu ce. Wanda ya zo 8:17, wata manhajar za ta rubuta masa makarar minti 17, daga 8:00. Wata za ta rubuta 7, daga 8:10. Kada ka yi zato. Ka dangwala da kanka a irin wannan lokacin, ka lissafa, ka ga abin da ta fitar, ka rubuta shi a takardar ƙa'ida. Haka daƙiƙoƙi: 8:10 da daƙiƙa 40, wata tana yafewa, wata tana cewa an wuce.

6. Haɗa jadawali ya zama shif, a raba wa mutane

Jadawali na rana ɗaya ne. Shif shi ne yadda ranakun ke jeruwa a mako: Litinin zuwa Alhamis wannan jadawalin, Juma'a wancan, Asabar rabin wuni, Lahadi babu. Bayan ka gina shif sai ka ɗora wa kowane ma'aikaci nasa, daga wace rana zuwa wace rana. Wanda ba a ɗora masa ba, ko da ya dangwala sau ɗari, rahoto zai fito fayau ko ya fito da abin da ba ka gane ba. Ka lura da ranar ƙarewa. Da yawa suna sa 31 ga Disamba su manta, Janairu ya zo musu da ruɗani.

Juma'a ta samu jadawalinta daban. In ana tashi 13:00, ƙofar fita ta buɗe tun 12:00. In ana dawowa bayan masallaci, ka yi jadawali biyu a ranar, safe da yamma, ko ka sa lokacin sallar a matsayin hutun da ba a neman dangwale. Azumi ma haka: sabon jadawali, sabon shif, a ɗora shi daga ranar da aka fara azumi. Kada ka gyara tsohon jadawalin kai tsaye, domin in ka sake lissafa watannin baya za su bi sabon lokacin, rahoton da aka riga aka biya albashi da shi ya canza.

Sai aikin dare, inda na fi ganin an cuci bayin Allah ba da niyya ba. A wani kamfanin ruwan leda aka kira ni, na tarar da Baba maigadi tsaye a ƙofar ofis, tocilarsa a hannu, takardar rahoto a ɗaya hannun. Ya ce wa manaja, "Yallaɓai, rabona da in kwana gida tun bayan ƙaramar Sallah. Ta yaya takarda za ta ce ban zo ba?" Kwana 26 aka rubuta masa fashi. Da na buɗe bayanan, ga dangwalensa nan reras, 19:50 da dare, 6:05 da safe, kullum. An ɗora masa shif ɗin masu aikin rana ne. Na 6:05 ya riga ƙofar shiga buɗewa, na 19:50 kuma an ɗauke shi fita. Mutum mai fita babu shiga, ƙa'idarsu ta ce fashi.

Aikin 20:00 zuwa 6:00 na ranar da aka fara shi ne. Ƙofar shiga 18:30 zuwa 22:00, ƙofar fita 5:00 zuwa 9:00 na washegari. Ka tabbata manhajar ta gane fitar ta tsallaka rana. Wasu suna ganewa da kansu, wasu sai ka nuna musu.

Gargaɗi: a gidajen mai da asibitoci ma'aikata kan yi musayar aiki a tsakaninsu. In biyu suka yi musaya ba a canza a manhaja ba, dukansu za su fito a fashi. Akwai tsarin da manhaja ke cankar shif da kanta ta hanyar duba ƙofar da dangwalen farko ya faɗa, amma ba ya aiki sai ƙofofin shif-shif ɗin sun yi nesa da juna. Littafin musaya a teburin manaja ya fi min kwanciyar hankali.

7. Shigar da hutu da izini kafin lissafi

Ranakun da ba sa motsi ka shigar da su tun farkon shekara: 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, 25 da 26 ga Disamba. Sallah ƙarama da babba, Mauludi da Ista, sai an sanar. In wurinku kuna rufewa ranar Hawan Bariki a Katsina, ko Hawan Magajiya da Sallar Gani a Daura, ku za ku shigar da hannu.

Izinin mutum ɗaya kuma, rashin lafiya, haihuwa, rasuwa, aike zuwa banki ko Kano, kowanne da irinsa, da ranar farawa da ta ƙarewa. Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaci har kwana 12 na jinya da albashi a shekara in likita ya ba da shaida, da hutun aƙalla kwana shida na aiki bayan ya cika wata 12, da mako shida kafin haihuwa da shida bayanta ga mace. Waɗannan ba su da alaƙa da fashi, kada rahoto ya nuna su haka.

8. Kwaso bayanai

Ta wayar netwok: na'urorin ZKTeco sukan zo da adireshin netwok 192.168.1.201 da tashar (port) 4370. Kwamfutar ta kasance a layin adireshi ɗaya da ita, wato nata adireshin ma ya fara da 192.168.1, ka jona, ka fara sauke sunayen ma'aikata, sannan dangwalen. Ta filash: a tsara shi a kwamfuta (format) da tsarin ajiya na FAT32, in ba haka ba na'urar ba za ta gan shi ba. Fayil ɗin yakan fito da suna irin 1_attlog.dat, lambar farkon ita ce lambar na'ura. In na'urorinka biyu duk lamba 1 ne, na biyun zai danne na farko a filash ɗin, don haka ka bambanta lambobinsu.

Gargaɗi: in kana da masu aikin dare, kada ka kwaso bayanai ranar ƙarshen wata. Fitar wanda ya shiga daren 31 tana safiyar 1 ga sabon wata. Ka jira ta. Kuma kada ka goge bayanan na'ura sai ka ga sun shiga manhaja, ka ajiye kwafi a wuri na biyu.

9. Yadda manhaja ke haɗa dangwale

In ka danna maɓallin lissafi a manhaja, ga abin da ke faruwa ga kowane mutum a kowace rana. Tana tara dangwalensa ta jera su bisa lokaci. Tana zubar da maimaici, wato wanda aka sake a cikin 'yan mintunan da ka ƙayyade. Tana duba jadawalin da ke kansa a ranar. A ƙofar shiga ta ɗauki na farko, a ƙofar fita ta ɗauki na ƙarshe. Sauran ta bar su. Sai ta gwada biyun da lokacin shiga da na tashi.

Mu gwada da jadawalin mataki na biyar, ranar Talata.

Lamba 14 ya dangwala 7:52, 7:53, 13:20 da 16:04. Na 7:53 maimaici ne. Na 13:20 yana tsakanin ƙofofi, ba a ƙirga shi. Shiga 7:52, fita 16:04: ya zo, lafiya lau.

Lamba 22, 8:17 da 16:00. Ya makara, minti 17 ko 7, gwargwadon abin da ka gano a gwajinka.

Lamba 40, 7:45 da 15:20. Ya tashi da wuri da minti 40. Minti 15 ɗin da ya yi sammako ba sa biyan bashin, sai in ka zaɓi tsarin ƙirga jimillar awoyi.

Lamba 5, 7:55 da 18:10. Ya ƙara minti 130. In obataim yana farawa bayan minti 30 kuma ana ƙirga shi rabin awa rabin awa, za a rubuta masa 120, goman ta faɗi. Ka gaya wa ma'aikata wannan tun farko.

Lamba 31, 10:06 da 16:30. Ƙofar shiga ta rufe minti shida kafin ya iso, saboda haka a wurin manhaja ba shi da shiga. Mutumin ya yi aikin awa shida da minti 24, amma in ƙa'idarka ta ce rashin shiga fashi ne, an cinye masa wuni guda.

Lamba 9, 7:58 da 13:45. Ta nemi izini ta tafi asibiti da yaro, ta dangwala kamar yadda aka koya mata, sai dai ƙofar fita ba ta buɗe ba. Rahoto zai ce ba ta da fita.

Na 31 da na 9 su ne irin waɗanda ake kira na a kansu. Shi ya sa nake ba da shawarar kada a sa rashin shiga ko rashin fita ya zama fashi kai tsaye. A bar shi ya fito a matsayin abin dubawa, ko a ba shi makarar wasu mintuna, mutum ya zauna ya bi ta kansa.

Wasu na'urorin suna da maɓallin da ma'aikaci ke dannawa ya nuna shiga yake ko fita. In kana iya hana manhajar dogara da shi, hana ta. Na gaba a layi ya danna fita, mutum goma na bayansa su bi a haka ba tare da sun kalli allo ba.

10. Wane hukunci ke gaban wane

Manhaja ba ta fara da tambayar ko mutum ya makara. Takan fara duba ko ranar ta aiki ce gare shi. In hutun mako ne ko na gwamnati, babu fashi, in ma ya zo aikinsa ya tafi layin obataim. Sai ta duba ko yana da izini. Sai ta duba ko akwai dangwale biyu, ɗaya, ko babu. Babu ko ɗaya kuma babu izini, fashi. In biyun suna nan, sai maganar makara da tashi da wuri, kuma rana ɗaya tana iya ɗaukar dukansu. Daga ƙarshe ta duba ko makarar ta kai iyakar da ka ce ta zama rabin wuni ko fashi.

Da ka riƙe wannan jerin, gano matsala ba ya ɗaukar lokaci. Kowa da kowa a fashi rana ɗaya: hutu ne ba a shigar ba, ko agogo ya koma baya. Mutum ɗaya a fashi wata guda: shif ko lamba. Sashe guda sun tashi da wuri duk Juma'a: jadawalin Juma'a ba ya kansu.

Gargaɗi: duk gyaran da ka yi, izini ne ko shif, sai ka sake danna lissafi kafin ya bayyana a rahoto.

11. Gyaran dangwalen da aka manta

Mantuwa dole ce, wani lokacin kuma wuta ce ta ɗauke batir ya ƙare. A ajiye rajistar takarda kusa da na'urar don irin wannan rana. Wanda ya manta ya cike 'yar takarda: lambarsa, rana, lokaci, dalili, shugaban sashensa ya sa hannu. Da ita za a shigar da gyara, a rubuta dalilin a gurbinsa. Kada a taɓa ainihin bayanan da suka fito daga na'ura.

Wanda ke shigar da gyara kada ya zama shi ke amincewa da shi. Ba zargin kowa nake ba. Kariya ce ga shi kansa ma'aikacin ofis, ranar da wani zai ce ana yi wa 'yan uwa alfarma.

12. In Excel kawai gare ka

Ƙaramin wuri mai mutum goma sha biyar zai iya yi da Excel. Lamba a layin tsaye na ɗaya, kwanan wata da lokaci a na biyu. A cikin umarnin lissafi na Excel, INT yana ciro ranar, MOD da 1 yana ciro lokacin, domin Excel yana ajiye lokaci a matsayin ɓangaren yini: 12:00 rabi ne, 6:00 kwata. MINIFS zai ba ka dangwalen farko a ƙofar shiga, MAXIFS na ƙarshe a ƙofar fita. Suna cikin Excel 2019 zuwa sama. Awoyin dare kuma, cire shiga daga fita, sa sakamakon cikin MOD da 1, ninka da 24: 20:00 zuwa 6:00 zai ba ka 10.

Gargaɗi: in MINIFS bai samu komai ba sifili yake bayarwa, wanda ke fitowa 00:00 kamar mutum ya zo tsakar dare. Sannan ka duba tsarin kwanan wata na kwamfutarka. In na Amurka ne, 03/04 zai zama 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu, ranakun da suka haura 12 kuma su ƙi lissafuwa.

13. Kafin takarda ta isa teburin akanta

Ka fitar da rahoton abubuwan dubawa tukuna, ba na jimilla ba. Ka buga wa kowane ma'aikaci nasa, ka ba su kwana biyu su kawo ƙorafi, wanda ba ya karatun boko a karanta masa. Bayan gyara a sake lissafi, kowa ya sa hannu, sannan a kulle watan.

Ka san nauyin abin da ke hannunka. Mai albashin naira 78,000 a kwana 26, wuninsa 3,000 ne, mintinsa naira 6.25. Bambancin makarar 17 da 7 minti goma ne. In ya faru sau 20 a wata, naira 1,250 ke nan daga saiti ɗaya da ba a gwada ba. Fashin ƙarya guda ɗaya kuma 3,000 ne, cefanen gidan wani.

Gargaɗi: sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana mai aiki cire wa ma'aikaci kuɗi da sunan tara, sai abin da doka ta halatta. Tsarin "makara uku, an yanke wuni guda" da wasu ke sa ni in shigar musu, ina gaya musu su fara tuntuɓar jami'in ƙwadago ko lauya, domin manhaja za ta karɓi duk abin da aka ba ta, ba ruwanta da ko ya halatta.

Takardun da aka sa wa hannu su shiga fayil na watan, tare da takardun gyara da littafin musaya. Kwafin bayanan manhaja ya hau filash na biyu, a ajiye shi a wani ɗaki daban da kwamfutar. Wanda ya bar aiki a cikin watan, bayan an sallame shi da haƙƙinsa, a goge yatsunsa daga na'ura, a rufe lambarsa, a bar tarihin zuwansa a manhaja ko da wata magana za ta taso daga baya.